Tsohon jirgi: na mai shi ne, ko na mai gyara?

Kai mai karatu, na san abin da za ka ce. Za ka ce me ya haɗa mutumin Dakoro da jirgin ruwa? Mu ba mu da kogi. Kwarin Tarka ma busasshe ne, sai da damina ruwa ke kwanciya a cikinsa. Abin hawanmu jaki ne, da raƙumi, da amalanke, da babur. Gaskiyarka. Amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Maganar jirgi ce, amma in ka duba da kyau za ka ga gonarka a ciki, da rijiyar garinku.

Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kanta. In mutane suka yar da abu har ya lalace, wani ya zo ya raya shi da guminsa da kuɗinsa, abin na wane ne?

Jirgin da ya zama akurki

A wani gari na ƙasar Dakoro akwai babban tabki. In damina ta yi kyau yakan riƙe ruwa wata 7 ko 8. Na san garin sarai, domin can ƙanwata take aure. Shekarun baya wani furoje ya zo ya zuba ƙananan kifi a tabkin, tarwaɗa da gargaza. Ya kafa kwamiti. Ya ba garin taru, da jirgi ɗaya mai inji. Jirgin na alminiyum ne, wato ƙarfen nan mara nauyi da ake zuba tukwane da ludayi da shi. Tsawonsa mita 4.

Shekara 2 aka yi ana cin moriyarsa. Furoje ya ƙare, motocinsa suka tafi. Wata rana inji ya tsaya. Kwamiti ya ce a haɗa kuɗin gyara. Kowa ya ce a bari sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Aka kai inji ɗakin ajiyar maigari. Aka kife jirgi a gindin wata aduwa.

Shekara 11 yana nan kwance. Kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Awaki suna fakewa a gefensa. Yara suna kiɗa a bayansa da dare. Wata shekara wani mai zuba tukwane ya zo daga Maraɗi, ya taya shi jika 40 don ya narke. Dattawa suka ƙi. Ba son jirgin ya sa suka ƙi ba. Tsoro suke yi kada masu furoje su dawo wata rana su tambaya.

A garin akwai wani saurayi mai gyaran babur. Bayan kakar 2023 ya tafi cin rani Gaya, a bakin kogin Isa. A shekarar nan aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Nan ya yi wata 4 yana aiki wurin masu jirage. Ya koyi tuƙi, ya koyi ciwon injin ruwa da maganinsa. Da ya komo gida ya ga jirgin nan a gindin aduwa, sai ya gan shi da wani ido dabam.

Ya je ya gai da maigari, ya ce: “Ranka ya daɗe, jirgin nan da ke kife, a ba ni dama in gwada gyara shi?”

Maigari ya yi dariya, ya ce: “Ɗauki, ɗana, in ka iya.”

Ka riƙe kalmar nan, “ɗauki”. Babu shaida a wurin. Babu takarda.

Yadda aka tashe shi

Da a ce jirgin na baƙin ƙarfe ne, da tsatsa ta gama da shi. Da na itace ne, da gara ta cinye. Alminiyum ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Yakan yi wa kansa wata siririyar fata wadda ke tsare shi daga iska da ruwa. Amma yana da maƙiyi. Duk inda ƙusar baƙin ƙarfe ko ta jan ƙarfe ta taɓa shi, kuma akwai damshi, wurin yakan yi farin gari kamar toka, ya huhhuje. Saurayin ya samu irin wannan wuri 6, inda wani ya taɓa kafa ƙusoshin kafinta.

Bai kai shi wurin mai waldar ƙofofi ba. Alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce 1500. Shi ya sa mai zuba tukwane ke narka shi da gawayi da zugazugi. Shi ya sa kuma wutar walda ta yau da kullum ke huda shi maimakon ta liƙe. Sai ya bi hanyar haƙuri. Ya kankare wuraren da suka ci. Ya yanko faci daga fallen alminiyum, ya ɗaure su da ƙusoshin alminiyum masu kai biyu.

Jikin jirgin duka da irin ƙusoshin nan aka haɗa shi, ɗaruruwa. Da yawa sun saki. Ɗaure su aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya dafe kan ƙusa da ƙarfe mai nauyi daga ciki, ɗaya ya buga da guduma daga waje. Ƙanensa ya kama masa, suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

To, yaya za a san inda yake yoyo, ga shi tabki ya ƙafe? Ya ɗora jirgin bisa tubala, ya zuba ruwa a cikinsa, ya kwanta a ƙasa yana duban inda ke ɗiga. Duk inda ya ɗiga, ya sa alama da gawayi. Kai da ka san zurfin rijiyoyinmu, ka san ganga 3 ta ruwa ba wasa ba ce a watan bazara. Mutane suna wucewa suna dariya. Suka ce wasu suna sa jirgi cikin ruwa, shi yana sa ruwa cikin jirgi.

Katakon baya, inda ake rataya inji, gara ta cinye shi. Ya sa sabo. Inji kuwa, tsohon mai ya bushe a cikinsa ya zama kamar ƙaro, ya toshe hanyoyi. Ya kwance ya wanke. Ya sa sabon buji. Akwai wata ƙaramar roba mai fikafikai da ke tura ruwa don ya sanyaya inji. Ta bushe ta tsattsage. Babu irinta a Dakoro, sai da ya yi saƙo Gaya, ya jira kwana 20. Ya sake man da ke ƙafar inji, kusa da farfela. Ranar gwaji ya tsoma ƙafar injin cikin gangar ruwa, domin injin jirgi ba a tashe shi a bushe, robar nan ƙonewa take yi. A ja na bakwai inji ya yi tari, ya kama.

Wata 3 ya yi yana wannan aiki. Ya kashe jika 90. Don ya same su ya sayar da ragonsa, ya kuma sayar da tunkiyar matarsa da alkawarin zai maya mata.

Da ruwa ya zo

Ka tuna daminar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a Nijar, ya kashe fiye da mutum 300, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A garin nan tabki ya cika ya batse, ya yanke hanyar kasuwa da ta likita. Mai zagayawa da ƙafa sai ya yi rabin yini. Jirgi kuwa minti 10 ne. Saurayin ya shiga ƙetarar da mutane, dala 20 kowane kai. Marar lafiya da mai naƙuda ba ya karɓar komi a hannunsu.

Da kuɗi suka fara shigowa, sai magana ta tashi. Aka taru a ƙofar maigari.

Wani dattijo, tsohon ɗan kwamiti, ya ce: “Yaro, jirgin nan na gari ne. Yaya za mu biya kuɗi mu hau abinmu?”

Saurayin ya ce: “Baba, shekara 11 yana kife, ban ga wanda ya ce nasa ne ba sai kaji. Kuma maigari ya ce in ɗauka.”

Maigari ya ce: “Na ce ka ɗauka ka gyara, ɗana. Ban ce na ba ka ba. Ni ma ba nawa ba ne, balle in bayar.”

To, mai karatu, da kai ne a wurin, me za ka ce? Kada ka yi saurin amsa. Bari mu auna.

Jirgin jiya ne, ko sabo?

Abokan saurayin suna cewa jirgin furoje ya mutu tun tuni. Wannan da ke bisa ruwa sabo ne, kuma shi ya yi shi. Wannan gardama tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin ƙasar Girka mai suna Fulutak, wanda ya rayu wajen shekara 1900 da suka wuce, ya ba da labarin jirgin wani jaruminsu, Tesiyus. Mutanen birnin Atens sun adana jirgin shekaru masu yawa. Duk katakon da ya ruɓe su cire, su sa sabo. Sai masu ilminsu suka rabu biyu. Wasu suka ce jirgin Tesiyus ne har yanzu. Wasu suka ce ya zama wani dabam.

Kai ma kana da irin wannan a gida. Hauyar da ka gada wurin mahaifinka, ka sake mata ƙota sau 3. Maƙeri ya sake mata ruwa sau 2. Amma in ɗanka ya tambaye ka, cewa kake yi hauyar kakanka ce. Kuma ba ƙarya ka yi ba. Me ya sa? Domin ba a taɓa yanke zaren ba. Kullum akwai mai ita, kullum aikinta ɗaya. Maƙerin da ya sake mata ruwa bai taɓa cewa ta zama tasa ba. Ladansa ya karɓa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ashe gyara kaɗai ba ya mai da abu na mai gyara.

Amma akwai bambanci, kuma dole mu faɗe shi. Kai ka kai hauyarka wurin maƙeri da ƙafarka, ka biya. Mutanen garin nan ba su kai jirgi ko'ina ba, ba su biya ko dala ba.

Abin da gonaki suka koya mana

Mu a nan mun daɗe da sanin wannan rigima, a kan gona. Mutum ya bar saura ta yi shekaru. Wani ya ara, ya sassabe, ya kai taki, ta yi kyau. Sai mai ita ko magadansa su dawo.

A watan Disamba na 1974 shugaba Saini Kunce ya yi shela cewa duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ita ce a kare talaka mai gumi. An kare wasu. Amma masu gonaki da yawa suka ji tsoron ba da aro, kuma shari'o'in gona suka yawaita. A 1993 aka fito da dokar karkara, aka kafa kwamitocin filaye da ake kira kofo. Cikin aikinsu akwai rubuta ciniki, da kyauta, da jingina, da aro, don kowa ya san matsayinsa tun farko. Darasi na farko ke nan. In aka ce gumi kaɗai ke ba da mallaka, ba mai sake ba wani aro. Kuma ka tuna, ba kowa ke barin abinsa don sakaci ba. Akwai marayu. Akwai matar da mijinta ya rasu. Akwai wanda yunwa ta kora bida. In bari yana kashe mallaka, su za a fara cinyewa.

Darasi na biyu yana wurin itatuwa. A da, manomi yana ganin itacen gonarsa na gwamnati ne. Ba shi da tabbacin zai ci moriyarsa, don haka duk tohon da ya fito sai ya sare. Daga wajen 1983, a nan jihar Maraɗi, aka fara abin da muke kira sassaben zamani. Manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi a kan tsohon kututture, ya rage sauran, ya tsare shi. Da manoma suka tabbata itacen nasu ne, sai gawo da kalgo da sabara suka komo. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar ya kai hekta miliyan 5. Kututturen yana nan da rai tun da. Abin da ya rasa shi ne mutumin da ya tabbata ba za a ƙwace masa ba. Haka jirgin nan. In gari ya karɓe shi hannu banza, saurayin ya yi hasarar rago da tunkiya. Gari kuwa ya yi hasarar da ta fi wannan. Ba wani yaro da zai sake taɓa abin jama'a da ya lalace.

Ga yadda nake gani. Jirgin na gari ne, domin bari ba ya kashe mallaka. Amma gumin saurayin bashi ne a wuyan gari, kuma bashi biya ake yi. Wanda ya bar abu shekara 11 yana da haƙƙi, amma ba shi da bakin gadara. Wanda ya gyara yana da haƙƙi, amma ba shi da ikon rufe ƙofa. Duk wanda ya riƙe rabin gaskiyar nan ya yar da rabi, ya zalunci wani.

Yadda suka rabu

Limamin garin ya kawo mafita. Ya tuna musu da littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 996, littafin da ake karantawa a zaurukanmu har yau. A ciki akwai hukuncin mutumin da ya raya fili da kyakkyawar niyya, sa'an nan mai filin na gaskiya ya bayyana. Hanya uku ce, bi da bi. Mai fili ya biya ƙimar aikin da aka yi. In ya ƙi, mai aiki ya biya ƙimar fili yadda yake kafin a taɓa shi. In shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon abin da ya sa. Liman ya ce hukuncin na fili ne, amma ana iya auna jirgi da shi, tun da yaron bai yi ƙwace ba, da izini ya ɗauka.

Aka yi lissafi a gaban kowa. Jikin jirgi jika 40, yadda mai tukwane ya taya. Mataccen inji jika 40. Na gari ke nan, jika 80. Saurayin ya kashe jika 90, aka yi wa aikinsa na wata 3 kuɗi jika 30. Nasa ke nan, jika 120. Duka jika 200.

Gari ba shi da jika 120 a tsakiyar damina. Sayarwa kuma ba ta yiwuwa, domin don jama'a aka ba da jirgin. Sai aka ɗauki hanya ta uku, aka rubuta takarda. Ga abin da ke cikinta:

1. Jirgi da inji na gari ne. Ba mai sayar da su.
2. Saurayin ne mai tuƙi da kulawa.
3. Daga abin da aka samu, a fara cire kuɗin mai, a kuma sa kashi 1 cikin 10 a asusun gyara.
4. Abin da ya rage a raba 5. Saurayin 3, gari 2.
5. Ranar da gari ya biya shi jika 120, a sake zama a yi sabon sharaɗi.
6. Marar lafiya da mai naƙuda ba sa biya.

Maigari ya sa hannu, liman ya sa, saurayin ya sa. Mata biyu daga cibiyar karatun manya suka karanta takardar da ƙarfi don kowa ya ji, su ma suka sa hannu.

Ba zan ce maka kowa ya ji daɗi ba. Dattijon nan har yanzu yana cewa an ba yaro abin gari. Saurayin kuma ya gaya mini da ya san haka za ta kasance, da ya nemi takarda tun ranar da maigari ya ce masa ɗauki. Amma bayan kaka ya maya wa matarsa tunkiyarta. Da tabki ya ja, ya wanke jirgin, ya kife shi bisa tubala a inuwa, ya tsiyaye man inji kafin ya ajiye.

Yanzu kai

Tashi ka zagaya garinku. Ina famfon da ya tsaya? Ina injin niƙan ƙungiyar mata? Ina amalanken kwaf, da rumbun tsimi da rufinsa ya faɗa? Kowannensu akwai ranar da ƙaramin kuɗi zai iya tashe shi, aka ce sai kaka. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

In kana cikin masu abin, kada ka jira sai wani ya gyara kafin ka tuna naka ne. In kai ne mai niyyar gyara, kada ka ɗauki guduma kafin ka ɗauki alƙalami. Ku zauna gaban shaidu ku rubuta abu huɗu: abin na wane ne, nawa ya kai a yau, wa zai biya gyara, yaya za a raba amfani. Ka iya rubutu yanzu, ba sai ka nemi wani ba.

Ku karanta wannan labari tare a cibiyarku. Ku tambayi juna: rabon nan na 3 da 2 adalci ne, ko an tauye wani? Ku rubuto mana abin da kuka gani.